Baƙin da Turare Ke Gogewa

Kwanakin baya na shiga kasuwar Utaibiyya a nan Makka in saya wa 'yata jakar makaranta. Duk shagon da na leƙa sai na tarar da matan nan manne a bayan jakunkuna, jaruman zane masu tashi sama, ƙugu kamar zai tsinke, gashi har gadon baya, hannu a dunƙule. 'Yata ta nuna ɗaya, na ce a'a. Ta ce, "Lesh, Mama? Don me?" Na ce haka na ga dama. Na saya mata mai hoton kyanwa, ta yi ta kumbure-kumbure har gida. Ba zan tsaya tsakiyar kasuwa ina yi mata bayani ba, amma ni ko ganinsu ba na son yi, kuma dalilin ƙanwata ne.

A Makka aka haife mu ni da ita, a wani ɗaki da ke saman dutse, inda mota ba ta kaiwa sai an taka matakala. Iyayenmu aikin Hajji ya kawo su suka zauna, ba su da iƙama, wato takardar izinin zama, mu ma muka taso ba mu da ita. Babanmu ya rasu muna ƙanana. Umma ce ke fita aikatau a gidan wasu Larabawa, shara da wanki da guga, kuma duk abin da mutan gidan suka yar shi take ƙullo mana a leda. Da haka mujallun zane suka shigo ɗakinmu. Samarin gidan ne ke sayo su daga Jidda, da Turanci aka rubuta su, in sun gama sai su watsar a bayan gado.

Ba mu iya Turanci ba, Umma ma haka. Hotunan muke bi, ƙanwata tana sa musu magana da bakinta. A cikinsu akwai wata mata da muka ɗauka tamu. Da rana ma'aikaciya ce a ɗakin girkin wani asibiti, tana tura keken abinci, ba mai ko gaishe ta. Amma da an ce gada za ta rufta ko jirgin ƙasa ya ƙwace, sai ta shige bayan ƙofa ta fito wata daban, ta tallabe gadar da kafaɗa, ta ɗaga ƙato ta maka da bango. Yarinyar da aka koya wa ta sunkuyar da kai ta canza hanya in ta hango motar 'yan sanda, ai dole irin wannan mata ta tafi da hankalinta.

A wancan zamanin duk mujallar da ta shigo ƙasar daga waje sai an bi ta da baƙar alƙalami mai kauri an shafe jikin mata. Ban san ko wane ne ke wannan aiki ba, ko a wane ofis yake zaune, amma ba ya gajiya. Wuya, damtse, ƙirji, cinya, duk inda fata ta fito sai ya cike shi da baƙi, ya bar fuska kawai. Mu ba wanda ya taɓa gaya mana haka. Abin da idonmu ya gani shi ne mace mai farar fuska da baƙin jiki, baƙi wuluk mai sheƙi, ya ma fi namu. Muka ce tamu ce, Bahaushiya ce ko dai 'yar wajenmu.

Kada a ce mun cika wauta. Farar fuska a kan baƙin wuya ba baƙon abu ba ne a unguwarmu. Ƙasa da mu kaɗan akwai wata mata da kowa ke ce wa Gwaggo, sana'arta haɗa halɗa, wato man canza launin fata. Takan sayo mayuka iri-iri a kantin magani ta matse su cikin robar yogot, ta zuba wani ruwa daga kwalbar da ba ta da suna, ta juya da cokalin da na tabbata da shi take shan shayi. Warin abin kamar an jiƙa tsumma a ruwan wankin banɗaki an fesa masa turare. Ita kanta ita ce tallar hajarta. Kumatunta ja kamar an yi mata mari, jijiyoyi kore kwance a goshi, kunnuwa da gaɓoɓin yatsu kuwa sun ƙi bin umarni, suna nan baƙaƙe yadda Allah ya yi su. In ta rungume ni sai na riƙe numfashi.

Na taɓa ce wa ƙanwata, "Wataƙila jarumar nan ma halɗa take shafawa a fuska."

Ta harare ni kamar na zagi Umma. "Haba Yaya! Wannan ba shafe-shafe ba ne, rufin fuska ne. Tana sa farar fuska ne don kada a tare ta a tambaye ta iƙama. Da rana ma duk ɓad-da-kama take yi don su ba ta aiki. In faɗa ya tashi, shi ne take fito da jikinta na gaskiya."

Inda alƙalamin ya zarce layi ya shiga bango, sai ta ce saurinta ne ya sa hoton ya kasa kama ta. Ba abin da za ka tambaye ta ba ta da amsarsa.

Ƙanwata ta fi ni duhu, ta kuma fi ni kyau, duk da ban taɓa gaya mata ba. Fatarta sumul take, ko ƙurji ɗaya babu. Gwaggo ta sa mata ido tun tana ƙarama. Duk sanda muka wuce ƙofarta sai ta kama haɓarta ta juya ta hagu da dama kamar mai tayin akuya, ta ce, "Masha Allah, ga hanci ga ido. Wannan in ta ɗan washe, halas, an gama." Ƙanwata takan fizge ta ce ita ba ta so. Umma kuwa ta taɓa tsayawa a bakin matakala ta gaya wa Gwaggo da ƙarfi, kowa na ji, cewa duk ranar da robar nan ta shigo ɗakinta to zumunci ya ƙare.

Yaran unguwar ƙasa sukan bi mu da "Takaruniyya, Takaruniyya", sunan gorin da ake yi wa baƙaƙe irinmu, in an aike mu sayen burodi. Ni nakan ƙara sauri. Ita sai ta tsaya, ta naɗe hannun abayarta har gwiwar hannu, ta nuna musu damtsenta ta ce su matso in sun isa. Siririya ce, ba ta da wani ƙarfi, amma ba su taɓa matsowa ba. Ta yarda har zuciyarta cewa ƙarfin a cikin baƙin yake, kuma ta fi kowa shi.

Ana gab da wata ƙaramar Salla matar gidan da Umma ke wa aiki ta ce ta zo da mu mu taya ta wankin labule da darduma. Da muka gama aka ce mu zauna a ƙasan falo mu sha ruwa. Suna da dish, a lokacin mu ko talabijin ɗin kirki ba mu da shi. 'Yar gidan, wadda ba ta girme ni da yawa ba, tana kwance a kujera tana kallon zane mai motsi. Sai ga jarumarmu ta fito daga bayan ƙofa. Ɗamararta ce, gashinta ne, tsayuwarta ce. Amma fara ce fat tun daga goshi har cinya, kuma kusan tsirara, don abin da ke jikinta bai kai ɗan kamfai da shimi ba.

Ƙanwata ta miƙe tsaye. "Ba ita ba ce," ta faɗa da Larabci. "Ta gaskiyar baƙa ce."

'Yar gidan ta dube ta, ta kwashe da dariya har tana riƙe ciki. Ba muguwa ba ce, wannan zan faɗa. Sau da yawa takan ba Umma takalma ta kawo mana. Dariyar wanda ya ga abin mamaki ce kawai. Ta tashi ta shiga ɗakin yayyenta ta fito da mujalla ɗaya mai santsin bango, da kwalbar turaren maza, da auduga. Ta ce, "Ta'ali, zo ki gani. Haka 'yan'uwana ke yi in Baba ba ya nan."

Ta jiƙa audugar ta goga a cinyar jarumar. Baƙin ya narke ya bi audugar, farar fata ta leƙo. Ta ƙara gogawa, ta hau har ƙirji. Ta ɗaga audugar da ta yi baƙi ƙirin ta nuna mana, ta jefa a kwandon shara.

"Kin gani? Baƙin ba nata ba ne. An sa ne don a rufe al'aura. Yana fita."

Ni kuwa na kau da kai daga mujallar. Na tuna yadda muke kwana da mujallun nan a ƙarƙashin matashi, ƙanwata har sumbatar bangon take yi, ashe ragowar hannun ƙattin samari ne da ke kulle ƙofa suna gogar cinyar zane da turare. Na tuna wani shafi da ya zo mana a ɗan koɗe yana ƙamshi, muka ce ai ƙamshin jaruma ne. Tir. Daga baya da na girma na ji cewa a Amurka aka fara ƙirƙiro irin waɗannan mata, tun zamanin yaƙin duniya, kuma yawancin masu zana su maza ne. Ban yi mamaki ba. Mace ba za ta aika 'yar'uwarta ta tare jirgin ƙasa da ɗan kamfai ba. Wani namiji ya tuɓe ta, wani ya bi ta da alƙalami, wasu suka bi alƙalamin da auduga, mu kuma muna saman dutse muna tafa mata.

Ƙanwata ba ta yi kuka ba. Ta koma ta zauna ta shanye ruwanta, ta yi godiya. A hanya Umma ta tambaye ta me ya faru, ta ce ba komai. Da muka isa gida ta tattara mujallun ta ba wata mai sayar da gyaɗa ta riƙa ƙunshi da su. Daga ranar, in yara suka kira mu da sunan nan, tare muke ƙara sauri.

Shekaru suka wuce, muka zama 'yan mata. Ni na samu koyar da yara karatu a gida. Ita ta shiga aikin biki, cikin 'yan matan da ake ɗauka su zuba wa baƙi gahawa da shayi a zauren mata. Aiki ne mai tsafta, ana ba su kaya iri ɗaya masu kyau, kuma ta iya shi, don ba ta taɓa ɗiga wa kowa a riga ba. Amma matar da ke raba musu aiki kullum sai ta jera su ta dube su, ta tura masu haske cikin zaure, ita kuma ta ce mata, "Ke habibti, kicin, hannunki ya fi sauri a wanke kofuna." Takan dawo yatsunta sun yi yaushi, ta kwanta ta juya wa bango fuska. Gwaggo kuwa ta ji labari, ta fara aiko mata da gaisuwa.

Warin na fara ji kafin in ga komai. Na ɗaga katifarta na tarar da robar yogot. Na yi mata faɗa, na yi zagi, na kira mata kunnuwan Gwaggo da jijiyoyin goshinta, na ce fatar da mata ke tsayawa su kalla a masallacin Harami ita za ta kai wa cokalin shayi. Ta bar ni na gama ta ce, "Yaya, ke ba kya tsayawa a layin nan." Na ɗauki robar na jefa a bola. Bayan kwana kaɗan wata ta maye gurbinta. A ɓoye take shafawa, a banɗaki, fuska da wuya da hannuwa, tana rufe sauran da dogon hannu. Umma tana fita da sassafe ta dawo a gajiye, ko dai ba ta lura ba, ko ta ƙi lura.

Wata Juma'a bayan la'asar muna ɗaki mu uku, Umma na ninke kaya, sai ƙanwata ta fito daga wanka da ɗaurin ƙirji, robar a hannunta, ba ɓoyo. Ranar na ga aikin sosai. Fuskarta da hannuwanta sun koma wani launi da ba shi da suna, ba fari ba ba ja ba, kamar naman kaza da aka fige. Daga kafaɗa zuwa tsakiyar baya, inda hannunta bai kai ba, fatarta ta asali tana nan lafiyayya, gefenta ya yi dabbare-dabbare. An canza musu kayan aiki, in ji ta, sabuwar rigar tana da faɗin wuya ta baya, kuma an ce gobe za a gwada ta a zaure.

Ta miƙo min robar. "Yaya, Allah ya bar ki, shafa min a baya."

Na ce wallahi ko hannuna zai rube ba zan taɓa ƙazantar nan ba. Na juya ga Umma, ina jiran ta tashi ta yi abin da ta yi alkawari a bakin matakala, ta ɗauki robar ta wurga ta ƙasan dutse, ta sauka ta ci wa Gwaggo mutunci.

Umma ta daɗe tana kallon bayan 'yarta. Ta ajiye rigar da take ninkewa, ta cire zobenta ta sa a kan taga don kada man ya ɓata shi.

"Tunda an fara," in ji ta, "gara ya tafi daidai. Juyo nan."

Ta lakato da yatsu biyu ta fara daga kafaɗar dama, a hankali, yadda take shafa mana man zaitun muna yara.