Tsarabar da Muka Haɗa a Hanyar Zugu

Mun tashi da asuba daga Zongon Kwatano, ana idar da salla, ni da mahaifiyata da muke kira Inna, da maiɗakina, da yaranmu uku. Tashar jirgin ƙasa ba ta da nisa da unguwarmu, amma kayan da muka ɗauko sun fi ƙarfin kai. Taksi ya kwashi Inna da ƙullin kaya, sauranmu muka bi a zemijan, masu babur ɗin haya na Kwatano, waɗanda ba su san rami ba sai sun faɗa cikinsa. Zugu muka nufa, garin da taswira ke rubutawa Djougou, wurin yayar Inna wadda rabon su da haɗuwa tun kafin in yi aure.

Duk wanda ya ga lodin nan zai ce attajiri ne ya tashi. Gaskiyar magana, babu ko ƙyalle nawa a ciki in ban da tufafinmu. Saƙon mutane ne. A Zongo in za ka arewa sai ka bi gida-gida ka yi sallama, kowa kuma ya miƙo maka abin da za ka kai wa nasa: wannan sabulu, wancan rediyo, wata tsohuwa har da tukunyar ƙarfe. Na gama sallama, na karɓi amana, sannan ruwan damina ya zo ya kwantar da katangar bayan gidanmu. Ban gama da magina ba sai ga faktir, takardar kuɗin wutar lantarki, da tsohon bashin da ban san da shi ba, makarantar yara kuma ta aiko a biya ekolaj, kuɗin karatu, kafin a koma. Kuɗin adashin da na tara don wannan hutu suka narke a hannuna ina kallo. Tun da aka karya darajar sefa kuwa, shagon kayan babur ɗina ci da ƙyar yake yi.

Kuɗin jirgi kam akwai. Abin da babu shi ne tsaraba. Mutumin Kwatano ba ya shiga gidan dangi a arewa hannu rabbana, don a can kowa ya ɗauka a bakin teku kuɗi ake shara. Kowane ɗaki da rabonsa, babbar gida kuma turmin atamfa ne nata, ba a tambaya. Na ce a fasa. Yara suka daina cin abinci da daɗi. Inna ta kira ni ɗakinta.

“Ka sayi biye,” ta ce, tana nufin tikitin jirgi. “Abin da ya rage ka ba ni. Yayata ta tsufa, ni ma na tsufa. Ba zan jira katanga ba.”

Na ce, “Inna, da me za mu shiga gidan?”

Ta ce, “Kai dai sayi biye.”

Na saya, raina a dagule. Ita kuma ta aika aka auno mata busasshen jatan lande a kasuwar Dantokpa, buhu ƙarami, ta hana kowa taɓawa.

Jirgin ya tashi a makare, kamar yadda kowa ya sani zai yi. Kujerun katako ne, tagogi a buɗe, iska na shigowa da warin gishiri har muka bar bakin ruwa. Ba mu yi nisa ba aka fara siyasa. Wani mai jarida a hannu ya miƙe yana zagin minista, wani ya tare shi, mata suka shiga. Abin da ya ba ni dariya, akwai soja zaune a gefensu yana ɓare gyaɗa, har yana gyaɗa kai in an faɗi wadda ta yi masa daɗi. Shekarun baya kaɗan, kafin ka faɗi rabin wannan sai ka waiga hagu da dama. Yanzu kowa ɗan majalisa ne, har mai sayar da maganin basir da ya shigo taragonmu sai da ya faɗi wanda zai zaɓa.

A yankin Alada ne na gane abin da Inna ke nufi. Jirgi na tsayawa mata suka yi caa a tagogi da abarba, dogaye masu farar tsoka, araha har ka ji kunyar tayawa. Inna da ke ƙorafin gwiwa tun daga gida ta miƙe tsaye, ta zura kai waje, ta shiga ciniki da yaren Fon wanda ban taɓa sanin ta iya haka ba. Kafin a busa usur kwanduna sun shigo ta taga ɗaya bayan ɗaya, babbar 'yata na karɓa, ni ina turawa ƙarƙashin kujera. Da na tambayi da me ta biya, ta nuna mini bakin zanenta babu komai. Kuɗin guzurinmu ne, har da na motar da za ta kai mu Zugu daga Faraku, inda jirgi ke ƙarewa. In abarbar nan ba ta saidu ba, a Faraku za mu maƙale, ba gaba ba baya, da saƙon mutane a kanmu.

“Babanmu bai taɓa tafiya da kuɗi ba,” ta ce tana gyara zama. “Da kaya yake tafiya.”

Mai duba biye ya zo ya ga kwanduna ya haɗe rai, ya ce wannan lodi ne, ba kayan fasinja ba. Inna ta zaɓi abarba mafi girma ta ce ya kai wa iyalinsa. Ya duba rufin jirgi kamar yana lissafi, ya wuce.

A Bohikon aka daɗe. Garin manja ne da daddawarsu mai ƙarfin wari, kuma nan ne mutane ke sauka cin abinci. Mu burodin da maiɗakina ta taho da shi muka ci da soyayyen kifi, ƙaramin yaron yana ta leƙen ƙasan kujera yana haɗiyar yawu. Daga nan ƙasa ta fara canzawa. Itatuwan kwakwar manja suka ragu, ciyawa ta yi tsawo, sai ga duwatsun Dasa sun taso, manya-manya, an ɗora wani kan wani. Yarana da ba su taɓa ganin tudun da ya wuce gadar Kwatano ba suka manne a taga suna ihu. Ganin fuskokinsu ya sa na ɗan manta da damuwata, na ji daɗi ƙwarai da ban hana su wannan ba.

Daga Dasa zuwa Sabe buhun jatan lande ya fara aiki. Nesa da teku abin miya ne mai daraja. Inna na aunawa da gwangwanin tumatir, wani wuri ta karɓi kuɗi, wani wuri ta yi musaya da garin rogo mai kyau, irin wanda yake ƙaras-ƙaras a baki. Maiɗakina ta zama ma'aji, 'yata ta zama mai kira. Wata mata mai jiki da ta shigo a Sabe ta zauna daram a kan kwando ɗaya ba tare da ta duba ba. Ruwan abarba ya bi ƙasan tarago, ƙudaje suka samu biki. Ba mu yi faɗa ba, mun dai shanye asarar a cikinmu, mu da maƙwabtan kujera.

Mun isa Faraku da almuru. Ba mu nemi otal ba. A zongon garin akwai gidan wani dattijo wanda mahaifinsa ke saukar da kakana a zamanin fatauci, kuma har yau in ka faɗi sunan gidanku za a shimfiɗa maka tabarma. Aka kawo mana sakwara da miyar gyaɗa da wagashi, cukun Fulani da ake soyawa. Ban taɓa cin doya mai daɗin ta wannan gari ba.

Da safe matan kasuwa masu sari suka zo ganin abarba. Sun san matafiyi a matse yake, sun kuma haɗa baki. Farashin da suka taya ko uwar kuɗi bai kai ba. Inna ta rufe kwandunanta ta ce Allah ya kawo kasuwa. Da suka fita ta dube ni. Gwiwarta ba za ta iya yawo ba, maiɗakina ta shiga gidaje da sauran jatan lande, abarba kuma ba ta jiran kowa. Na gane kallon.

Na ari baro a gidan, na tuɓe babbar riga, na tura zuwa tashar mota. Ni da nake da shago da yaran shago, ni da ake ba wa wuri a sahun gaba a masallacin unguwa. Da farko murya ta ƙi fita, ina ta cewa “abarba” a hankali kamar mai gaya wa wani sirri. Sai 'yata ta fere ɗaya, ta yanka ƙanana, ta fara miƙa wa direbobi su ɗanɗana. Wanda ya ɗanɗana sai ya saya. Da na ga kuɗi na shigowa, kunya ta kama gabanta. Na buɗe maƙogwaro da Hausa da Faransanci da ɗan yaren Dendin da na tsinta, har masu sayar da lemo suka fara harara ta. Ana cikin haka na ji an kira sunana. Wani direban babbar mota ne ɗan unguwarmu, ya leƙo ta taga baki buɗe. Na san kafin in koma labari ya riga ni isa Zongo. Na ce masa ya sauko ya saya, tunda ya gani. Ya sayi uku, ban rage masa ko dala ba.

Kafin la'asar baro ya zama fanko. Muka haɗa da na jatan lande, muka ware kuɗin mota, muka shiga kasuwar Faraku. Sabulu, sukari, ɗankunne na yara, hula ta mazan gida, ga garin rogo tun na Dasa. Abin da ya rage ya kai turmin atamfa ɗaya, ba mai tsada ba amma mai kyau, shuɗi da ruwan goro. Na rungume shi a ƙirji har masauki.

Hanyar Zugu a wata tsohuwar fijo muka yi ta, mu da kaya da wasu kaji. Damina ta yi kyau, dawa da doya ko'ina kore shar, itatuwan kaɗanya jere a gonaki. Jandarma sun tsayar da mu, suka ga tukunyar ƙarfen tsohuwar nan suka tambayi takardarta, direba ya sauka suka gaisa a bayan mota, aka wuce.

Haɗuwar Inna da yayarta ba zan iya ba da labarinta daidai ba. Tsofaffi biyu suka riƙe juna a tsakar gida suna kuka suna dariya, kowace tana cewa ɗayar ta tsufa. Na juya baya na yi kamar ina kwance kaya. Washegari muka raba saƙon mutane, kowa ya samu nasa, sannan aka baje tsaraba a tabarma gaban Inna Babba, kamar yadda muke kiran yayar. Kowane ɗaki ya samu. Na miƙa mata turminta da hannu biyu, ina jin kaina ya kai rufi.

Idonta ya yi rauni, amma ta yi shekaru tana sayar da atamfa. Ta shafa turmin, ta juya shi, ta bi ninkin da yatsa, ta taɓa zaren da aka ɗaure shi da shi. Sai ta ɗago.

“Wannan ɗaurin 'yan Faraku ne,” ta ce. “Ɗana, kai da ka fito daga bakin Dantokpa, inda duk atamfar ƙasar nan take sauka, me ya kai ka sayen zane a Faraku da tsada?”

Duk wahalar da muka sha don kada a gane, ga ta a fili saboda zare. Inna ta riga ni magana. Ta gyara zama ta faɗi komai, tun daga katanga har baro, gari bayan gari, abin da aka saya a ina, aka sayar a ina, har da matar da ta zauna kan kwando. Ba ta rage murya ba, kamar mai ba da labarin yaƙin da aka ci.

Inna Babba ta sa aka kira har waɗanda ke ɗaki. Ta ɗora turmin a kanta, ta ce wa jikokinta su duba da kyau: shekara da shekaru 'yan Kwatano na kawo mata zanen da aka ciro kuɗinsa daga aljihu, yau ne aka kawo mata wanda aka haɗa a hanya, yadda mahaifinsu yake yi. Ta sa aka ɗinka shi a ranar. Da shi ta raka mu tasha da za mu tafi.

Dawowa ba ta yi wuya ba, don yanzu mun san aikin. Man kaɗanya da doya muka sauko da su, yara na gardamar inda ya fi riba. Mun shigo Kwatano da yamma cikin hayaƙin zemijan da warin teku, ban kai ƙofar gida ba wani ya ɗaga murya daga shagon shayi, “Mai abarba, sannu da zuwa!” Na ɗaga masa hannu biyu.

Abin da na koyo a wannan tafiya shi ne, na daɗe ina ɗaukar mutunci abu ne da ake tarawa a gida kafin a fita, in bai cika ba a zauna. Ashe mutanen da na fito daga cikinsu a hanya suke samun nasu. Da na fasa, da yarana sun tashi suna zaton mu masu shago ne kawai.

Da muka sauke kaya, Inna ta zauna a bakin ƙofarta tana matsa gwiwa. Na kawo mata ruwa. Ta karɓa, ta sha, ba ta dube ni ba ta ce, “Da na jiyo ka daga masauki kana kiran ciniki, na ɗauka babanmu ne. Sai dai shi muryarsa ta fi daɗi.”

Na haura arba'in ina ɗanta, ban taɓa jin ta haɗa wani da mahaifinta ba sai ranar.