Garar da ta iso Funtua a sawu biyu

Da kakar nan da muke ciki Baba ya cika shekara takwas da rasuwa. Ana tsintar auduga ya kwanta, kafin a rufe kasuwar awon auduga ya tafi. Rabin rayuwarsa a kan hanya ya yi ta, amma ba a hanya ya mutu ba. A ɗakin Inna ya cika, a ƙauyenmu da ke bayan Malumfashi, bayan zazzaɓi na 'yan kwanaki. Direbobin da suka zo gaisuwa daga tashar Funtua sun yi ta maimaita cewa direban babbar mota ya cika a kan shimfiɗarsa, wannan abin godiya ne ga Allah. Ina yarinya a lokacin, maganar ta ba ni haushi. Yanzu da nake da goyo a baya na gane abin da suke nufi.

Motar ba tasa ba ce, ta wani Alhaji ce a Funtua. Baba yana kwaso auduga daga kasuwannin ƙauye zuwa injin gurza, in auduga ta ƙare ya koma gyaɗa da hatsi. 'Yan tasha ba sa kiran sunansa, Sai-an-duba suke ce masa. In an gama lodi aka ce, "Malam, mu tafi," amsarsa ke nan, "Sai an duba." Fasinja su yi ta tsaki, shi kuwa yana zagaya mota hannunsa a baya, kamar mai tayin saniya.

Duk ranar da ya kwana a gida, ni nake kai masa bokitin ruwa da safe, shi ya sa na ga abubuwa da yawa. Yakan zuba wa lagireto ruwa tun inji na da sanyi. Ya zaro sandar baƙin mai, ya goge, ya mayar, ya sake zarowa ya duba. Sannan ya ɗauki ƙarfen kwance taya ya bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya yana bugawa, kansa a karkace yana saurare. Mai cikakkiyar iska takan amsa da ƙarfi, ƙarfen ya yi tsalle ya dawo. Wadda ta sace sai ta yi wani irin dum, kamar an bugi buhun dusa. Tayoyin baya bibbiyu ne a jere, ya ce ta ciki ita ce munafuka, tana iya sacewa ta bar wa ta waje duk nauyin, ido bai gani ba. Yakan ciro duwatsun da suka maƙale a tsakaninsu, ya taɓa notuna, ya shafa zanen taya ya ji ko ya fara suɗewa. Iska kuwa da sassafe yake aunawa. In ya ga direba ya tsaya da tsakar rana yana rage wa taya iska wai don ta yi zafi, har ransa ɓaci yake yi. Ya ce a bar ta ta huce a inuwa, wanda ya rage mata iska tana da zafi gobe da safe zai same ta a kwance.

Abin da ya fi yawan faɗa da mutane a kai shi ne lodi. Auduga takan yi tsiri a kan motar har ta shafi rassan itatuwa, motar ta tafi wasai. Da an koma hatsi, buhuna ba su kai rabin bodi ba sai ya ce ya isa. Masu kaya su ce, "Haba Malam, ga wuri nan fili!" Ba ya musu da su. Sai ya durƙusa ya leƙa ƙasa. Akwai ƙarafan nan da aka jera bisa juna a bayan taya, waɗanda bodi ke zaune a kansu, sifirin. In mota ba kaya a lanƙwashe suke kamar baka. In sun miƙe sun yi sambal, tayar kuma ta fito da ciki ta gefe, to, ko ɗan Alhajin ne ya zo da buhu ba za a ɗora ba. Ya taɓa nuna mini rubutun da ke jikin ƙofa ya ce iyakar nauyin da motar za ta ɗauka ke nan, waɗanda suka ƙera ta suka faɗa. Mota ba ta san tsawon kaya ba, in ji shi, nauyi ta sani, kuma mutum ma kaya ne.

Ina yawan tunanin me zai ce da ya ga hanyar nan a yau. Motoci sun yi yawa, ƙanana masu gudu sun cika tasha, ba a kwana jiran mota kamar da. Na san wannan zai yi masa daɗi, don ba ya son ganin tsofaffi a yashe bakin hanya da kayansu. Amma taya ta yi wuya a 'yan shekarun nan. Daga ƙofar gidanmu ina ganin motoci suna wucewa da tayar da ta yi sumul kamar bayan ƙwarya, wata faci a kan faci, har zare ya leƙo. Ina jin da yana nan da sai ya rasa abokin hira a tasha saboda faɗa.

Ni dai Allah ya yi ni mai fargaba. In yaro ya yi tari sai in kasa cin abinci. In maigidana ya tafi kasuwar Bakori ya yi yamma, na dinga leƙa zaure ke nan. Da na je gida haihuwar fari, aka sami namiji aka sa masa sunan Baba, fargabar ta ninku. Kuma kun san yadda al'adar take. Ɗan fari ba a nuna ana son sa. Ba ka kiran sunansa, ba ka yi masa wasa a gaban manya, ko kuka yake sai ka kau da kai har wata ta miƙo maka shi.

Da aka yi arba'in aka shirya mayar da ni ɗakina a Funtua, sai maigidana ya turo ƙanensa Ɗanlami da motar a-kori-kurar da yake ja. Gwaggo Tabawa, yayar Baba, ita ce ta tsaya a kan gara. Tun rasuwarsa ta ɗaura aniyar ba wanda zai ce 'yar ƙanenta marainiya ce. Ta bi dangi gida gida. Aka tara buhunan gero da dawa da shinkafa, garewanin man gyaɗa, ƙoren man shanu, nakiya da alkaki, daddawa da kuka. Kakata ta ƙara da dutsen niƙa da sabon turmi. Ga kuma mata masu rakiya, kowace ta ci ado, wasu da 'ya'yansu.

Ina zaune a zaure cikin mayafi ina kallo ana lodi. Duk buhun da aka jefa sai in ga bayan motar ya ƙara yin ƙasa, gabanta yana ɗagawa. Ɗanlami ya ɗan yi gyaran murya ya ce, "Gwaggo, anya..." Ta ce, "Anya me? Ba motar nan ce na gani da auduga har sama ba ranar kasuwa? Wannan ko rabinta bai kai ba. Ku ɗora!" Ya sunkuyar da kai. Gidan surukan yayansa ne, ba zai ce kayansu sun yi yawa ba.

Aka ce mai jego ta fito. Na fito, wata ƙanwar Inna tana biye da ni da yaron, don mu biyu za mu shiga gaba. Ban san lokacin da na durƙusa a gefen tayar baya ba, da sabon zanena. Sifirin ya miƙe sambal. Tayar ta baje, saura kaɗan bodi ya zauna a kanta, kuma mata ba su ma hau ba tukuna. Na tuno wani gangare da ke kusa da gada a hanyar Funtua, da yadda Baba ya ce mota mai nauyi ba ta jin birki da wuri. Na tuno kuma matan gidanmu na Funtua da ke jiran ganin abin da aka kawo ni da shi.

Ɗanlami ya ce, "Matar Yaya, kuɗi kika yar ne? In na gani rabi nawa ne."

Na ce, "Ba zan shiga ba."

Gwaggo ta matso ta ce, "Me kika ce?"

"Gwaggo, kayan sun fi ƙarfinta. A raba biyu. In ba haka ba ni da yaron nan ba ma hawa."

Wata daga cikin masu rakiya ta tafa hannu. "La ila! Yau ga 'yar zamani. Ɗan farin ne ake yi wa wannan a gaban mutane? Ba kunya?" Aka kwashe da dariya. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Gwaggo ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Kin san abin da kike faɗa? A kai ki da rabin gara, dangin miji su ce iyakar abin da muka iya ke nan? Don wa na sha wannan wahalar?" Idona ya cika da hawaye, amma ban tashi daga gun tayar ba. Na ce, "Ki duba da kanki, Gwaggo."

Sannan tsohuwar nan ta dafa bodi, ta sunkuya da ƙyar ta leƙa. Ban sani ba ko ta gane abin da ta gani. Da ta miƙe sai ta ce, "Sai-an-duba ya tafi ya bar mana wata." Ta juya wajen samari. "Ku sauke dutsen da turmin da rabin buhunan. Ku kuma," ta nuna masu rakiya, "wasu su bari sai gobe. Wadda ta ji haushi ta zo ta same ni."

Da aka sauke, motar ta ɗago kamar ta yi ajiyar zuciya. Muka kama hanya. A Bakori Ɗanlami ya tsaya ƙarƙashin wata bishiya, ya zagaya ya ɗora tafin hannu a kan kowace taya. Da ya dawo ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ta hagun nan faci biyu ne a cikinta. Da kin yi shiru, ni ma shirun zan yi." Can kuma sai ya ƙara da cewa, "Amma kuɗin man sawu na biyu a bakin nakiyarki."

Ba zan ce na ceci kowa ba. Wataƙila da mun tafi a haka lafiya lau za mu isa, kullum ana yi ana isa. Kuma abin da Gwaggo ta ji tsoro ya faru. Da aka sauke kaya a tsakar gida na ga matan gidan suna haɗa ido, na ji wata tana cewa, "Ayya, ai marainiya ce." Haka na wuni da maganar a ƙirji. Washegari da hantsi motar ta sake tsayawa a ƙofar gida da sauran buhuna da dutse da turmi, Gwaggo a gaba tana taunar goro. Uwar mijina ta fito ta riƙe baki. Da aka ba ta labarin dalili, sai ta karɓi jikanta ta daɗe tana jijjiga shi. Har yau akwai masu ce mini mai gara biyu, akwai kuma masu cewa ni ce wadda ba ta kunyar ɗan fari. Dukansu ina amsawa.

Baba bai bar mana gida a birni ba, motar ma ranar sadakar uku mai ita ya aiko aka tafi da ita. Karatuna bai wuce na ajin yaƙi da jahilci ba, ba kuma zan taɓa riƙe sitiyari ba. Fargabar nan tana nan, ba ta ragu ba, ina jin da ita za a binne ni. Amma da can tsoro nake ji kawai, in rasa abin yi. Yanzu in na zo shiga mota da yaro, tsoron nawa ya san inda zai duba, in ya duba ya ga daidai sai ya bar ni in zauna lafiya har in yi gyangyaɗi. Wannan shi ne gadona, kuma ya ishe ni.

Yaron ya fara tafiya cikin watan nan. Jiya ya taka daga bakin ɗaki har gindin turmi bai faɗi ba, na duba ba kowa a tsakar gida, na ɗauke shi na kira shi da sunansa. Allah ya jiƙan mai sunan, ya sanyaya makwancinsa, ya kai duk wanda ke kan hanya gida lafiya.