Filasmar Gambo: Daga Garin Baushe Zuwa Zango

Talata: Garin Baushe zuwa Dogo

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba, ko ladan bai yi gyaran murya ba, na ji ana dukan ƙyaurena kamar gobara ta tashi. Gambo ne, taubashina kuma mijin ƙanwata Dije. Ya sha babbar rigar shaddarsa wadda rabonta da ganin rana tun sunan ɗansa na fari.

"Mushe, tashi! Mota ba ta jiran mai ilimi." Mushe dai haka ake ce wa malamin boko a wajenmu.

Bari in faɗi abin da ya fitar da mu. Damina biyu a jere ta yi mana rowa. Rumbunan Garin Baushe har ɓeraye sun yi musu ƙaura, mata kuwa sai jiƙa 'ya'yan anza masu ɗaci da dafa ganye. Ana cikin haka wata porje, irin ƙungiyoyin agajin nan, ta ce za ta ba gidajen da suka fi galabaita buhun hatsi ɗaya kowane wata har kaka. Zaɓen kuwa a hannun komite yake: dattawa biyar su zauna ƙofar maigari, a bi gari gida gida, a ce wane me ido ke gani a gidansa? Mai tumaki a tsallake shi, mai rufin kwano a tsallake shi. Da aka zo kan Gambo aka ce bakuna goma sha huɗu, da sa guda. Maigari ya ce san da ake ƙirga haƙarƙarinsa daga nesa ai ba dukiya ba ne, baki ne na goma sha biyar. Aka rubuta shi, aka karanta sunansa da ƙarfi a gaban kowa, shi ne na uku a lis.

To, uban Gambo shi ne mai awon gyaɗa na yankin nan, mutumin da a zamaninsa ba a sauke tukunya a gidansa. Da aka kira sunan, wani tsoho ya ce, "Allah sarki, gidan mai gyaɗa!" Kalmar nan ita ta hana Gambo barci. Ran kasuwa ya kora san da amalankensa Dogo, ya sayar, ya dawo da jika ɗari da sittin da biyar na sefa, ya ce filasma zai sayo, irin telen nan shafaffiya da ya taɓa gani a Kano, kowa ya san gidan mai gyaɗa bai mutu ba.

Jajiberin tafiya Dije ta same ni. "Yaya, ka bi shi. Ran Alhamis za a miƙa wa porje lis ɗin. In gilashin nan ya shigo gari kafin nan, an share mu. Ku dawo da hatsi, ko ku dawo da kuɗin." Na bugi ƙirji na ce ta kwantar da hankalinta. Shekara talatin ina lanƙwasa 'ya'yan mutane a lakwal kafin in ajiye alli, Gambo ne zai gagare ni?

Muka yi salla, biyar da kwata muka kama hanya. Kilomita tara, a ƙafa, tunda amalanken da zai kai mu yana cikin aljihun Gambo. Mushen shanu huɗu na ƙirga a bakin hanya. Bakwai saura muka shiga Dogo. A teburin mai shayi na ce a ba ni baƙi, Gambo kuwa ya ɗaga murya yadda na ƙarshen tasha zai ji: "Nawa da madara, a cika!"

Dogo zuwa Damagaram

Wata tsohuwar bashe muka samu, motar nan mai buɗaɗɗen baya da benci, dala ɗari da hamsin kowane mutum. Na tambayi direba yaushe za a tashi.

"In ta cika."

"Ai ta cika."

"Wannan cikar masu ƙoshi ce, Mushe. Bana mutane sun rame, tana ɗaukar ƙarin biyar."

Haka kuwa aka yi. Takwas da minti goma muka ɗaga, ni da wata akuya da ake kai wa kasuwa muna kallon juna. A bariyar jandarmomi suka duba takardunmu, suka leƙa ƙarƙashin benci, ba su ga abin da ya kai a tsaya ba.

Nan na fara wa'azina. Na ce, "Kai bawana, kuɗin da ke aljihunka buhu shida ne da ɗoriya. Haɗa da na porje, kun ga kaka da ranku."

Ya ce, "Hatsi cinye shi ake yi a manta, Mushe. Sunan da aka karanta a ƙofar maigari fa, da wane sabulu ake wanke shi?"

Wallahi ya ba ni tausayi, kuma ya ba ni haushi, duk lokaci guda. Kilomita talatin da 'yan kai, muka shafe awa ɗaya da rabi, saboda sau biyu motar na neman ruwa kamar mu.

Damagaram: layin 'yan hatsi

Goma saura kwata muka sauka. Na yi dabara, na ce wa masu kabu-kabu su bi da mu ta layin 'yan hatsi. Tiya dala ɗari da talatin, buhu jika ashirin da biyar. Gambo ya tsaya gaban wani buhun gero, ya cusa hannu har wuyan hannu, ya damƙo, yana barin sa yana zuba ta tsakanin yatsu. Na ga maƙogwaronsa ya motsa. Na ce a raina, Dije, kin ci.

Sai mai hatsin ya dubi tsohuwar shaddar, ya dubi ƙafafunmu da suka yi futu-futu, ya ce, "Baba, tiya nawa za a auna? Ko rabi ma muna sayarwa."

Rabin tiya! Gambo ya karkaɗe hannu kamar ya taɓa kashin kaji. "Mu je Zango," in ji shi. Har yau ban yafe wa mai hatsin nan ba.

Zango: shagon Bakano

Shagon wani Bakano ne, dogo, mai haƙorin Makka. Tun daga ƙofa ya tarbi Gambo da "Sannu da zuwa, Alhaji!" alhali iyakar hajjin Gambo Kano ce. Aka kawo kujeru, aka kawo ruwan sanyi, fanka na kaɗa mu. A bango kuwa tele ce jere reras, dukansu abu ɗaya suke nunawa: ruwan sama na zuba a kan ciyawa shar, shanu ƙosassu suna kiwo, ruwa na gangarowa ta gadon bayansu. Jama'a, wata tara rabona da ganin ɗigon ruwa daga sama. Na rantse sai da na ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa a hancina.

Gambo ya nuna wata 'yar madaidaiciya, pus, wato inci, talatin da biyu, jika casa'in. Ku lura da kyau: da ita ya ɗauka, da ya rage masa kuɗin buhu uku. Ni kuma, don in nuna masa aibinta ya haƙura gaba ɗaya, sai na juya kwalinta na karanta Faransancin da ke jiki da ƙarfi. Na ce ai wannan ba ma filasma ba ce.

Bakano ya riƙe baki. "La ilaha illallahu! Alhaji, ashe da direkta ka zo? Ranka ya daɗe, shekara goma ina sana'ar nan, ban ga wanda ya gane bambancin da kallo ɗaya ba."

Shekara talatin ina cin alli, ko a mafarki ba wanda ya taɓa kira na direkta. Daga nan ban san inda hankalina ya tafi ba. Sai ga ni tsaye ina ba da darasi. Na ja Gambo gefe na ce ya dubi ƙaramar ta kaikaice, ya ga yadda launinta ke kwaɗewa. Na ja shi gaban babbar, pus arba'in da biyu, ta hannu ce amma tsaf, na ce duba, ko ta ina ka zauna shanun nan ba sa ramewa. Na ce a tsakar gida irin namu, da mutane ke zama ta kowane gefe, wannan ce ta dace. Na ƙwanƙwasa gilashinta, na sa ya ɗaga ya ji nauyi. Ni, da bakina.

"Jika ɗari da casa'in," in ji Bakano.

Na ce, "Haba Alhaji, ba baƙauye ka samu ba. Ɗari da talatin."

"Albarka, Direkta."

Muka yi ta ja har azahar. Sau biyu ina fita ana kamo ni. A ɗari da hamsin da biyar ya sallama, yana cewa na yanke shi ba wuƙa, ni kuwa ina hura hanci kamar wanda ya ci kokawa.

Yana rubuta faktir, takardar shaidar ciniki, yana gargaɗi. "Kada a kwantar da ita ko na minti ɗaya, a tsaye take tafiya. Kuma tana shan wuta. Akwai wuta a garinku?"

"Ana maganar kawowa," in ji Gambo. Tun ina saurayi ake maganar. "Amma mai cajin salula yana da ɗan gurup, injin wuta."

"Zai ɗauka, in Allah ya so."

Duk wanda ya san 'yan kasuwa ya san me wannan ke nufi. Farantin kama tashoshi kuma, ya ce kuɗinsa daban, mu dawo bayan kaka.

Sai da aka ɗaure kwali da igiya fuskar Dije ta faɗo mini. Gumi ya karyo mini a gaban fanka. Na ce, "Alhaji, in mutum ya sake shawara fa?" Ya miƙo mini faktir, ya sa yatsa a layin ƙasa, inda aka rubuta kayan da aka saya ba a mayarwa. "Direkta, ai kai ne mai karatu."

Masauki

Motocin Dogo sun riga sun ƙare, muka sauka a zauren Malam Isufu, tsohon abokina majemi. Ya kawo mana garin rogo da ƙuli, yana ba da haƙuri, shi ma abin da gidansa ya ci ke nan. Ya dubi kwalin ya ce, "Me aka samo?"

"Filasma," in ji Gambo.

"Madalla. Da miya ake cin ta ko da nono?"

Tabarma ɗaya ce a zauren. Filasma aka jingine a kanta, aka lulluɓe ta da shaddar Gambo, mu muka kwana a ƙasa.

Laraba: komawa

Ƙarfe tara muna tasha. Direba ya ce a ɗora kwalin a sama a kwance, Gambo ya ce sai dai a kwantar da shi kansa. Aka biya mata kuɗin mutum biyu, ta zauna a gaba kusa da direba, mu muna baya muna shan rana. A bariyar wani ɗan duwan, wato kwastan, ya karanta faktir, ya sara wa Gambo ya ce, "A sauka lafiya, patoro, babban mutum." Gambo ya kumbura har benci ya yi mana kaɗan.

A Dogo na yi yunƙurin ƙarshe. Na ce mu bar ta wajen mai shayi zuwa Juma'a, in lis ya wuce sai a ɗauko. Ko kuwa mu rufe ta da buhu, mu shiga ta bayan gari.

"Abin da na saya don a gani, shi zan ɓoye? Kai dai Mushe boko ya cuce ka."

Muka nemi amalanken haya. Wanda aka kawo, ina ganin ƙusar da aka lanƙwasa a gefensa na gane shi: na Gambo ne, jaki ke ja yanzu, san kuwa tuni mahauta suka gama da shi. Dala ɗari Gambo ya biya don ya hau abinsa. Ya ƙi tashi sai ƙarfe biyu, ashe lissafi yake yi. Ni ne na rungume kwalin a tsaye kilomita tara, hannuwana har suka mutu.

Garin Baushe

Daidai an sallame la'asar muka shigo, lokacin da duk dattawan gari ke zaune ƙofar maigari. Gambo ya sa aka tsaya, wai igiya ta kwance. Mutane suka yanyame mu. Maigari da kansa ya miƙe, ya shafa kwali ya ce, "Barka da arziki, ɗan mai gyaɗa! Ashe mu ne muka yi maka rashin kunya." Tsohon nan mai "Allah sarki" ya ce dama shi ya san gidan nan ba ya faɗuwa. Na dubi Gambo, hawaye ne a idonsa, na murna.

Sai magatakardan komite ya matso kusa da ni, da lis a hannu, ya ce a hankali, "Mushe, ara mini bik ɗinka." Na zaro biron daga aljihu na ba shi. Ya ja layi a kan suna na uku, ya mayar mini, har da godiya.

A gida aka fito da ita aka jingine a bangon ɗaki. Gurup ɗin mai caji ya yi tari biyu ya mutu. Dije ta zo ta tsaya gaban baƙin gilashin, yara sun jeru a bayanta, dukansu suna ganin kansu a ciki, wuyansu kamar sillen kara.

"Wa ya zaɓa?" in ji ta.

"Yayanki mana!" Gambo ya amsa da fara'a. "Ba don shi ba da ƙarama zan ɗauko, in dawo da canji. Can birni Direkta ake ce masa."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ka iya zaɓe, Yaya. Tun da aka shiga yunwar nan ban san haka muka koma ba, sai yau da ka kawo mana abin dubawa."

To, alhamdu lillahi da Ya kai mu lafiya Ya dawo da mu lafiya, mu da kayanmu, ko tsagewa babu. Ina godiya ga direban bashe, da Malam Isufu da ya raba garin rogonsa da mu. Ina kuma godiya ga Dije, da ba ta zage ni ba. Washegari Alhamis da safe, lokacin da ake miƙa lis, ta shigo gidana da babbar tukunyarsu a ka, ta ɗora ta a kan murhuna, wayam. Ta ce, "Ga ta nan, Direkta. Mu goma sha huɗu ne, har kaka."