Baƙar Bindigar Baba

Ban taɓa faɗa wa kowa dalilin da ya sa Kayla ta daina zuwa gidanmu ba. Ita kaɗai ce ƙawata a makaranta, kuma gidansu na kallon namu a garin McLeansville, inda mu baƙi ne daga wata ƙasa.

Baba yana da wata tsohuwar bindigar sojoji da ya saya don farautar barewa, Mama ta yi mana kilishi. Lokacin da take da jikin katako, ba wanda ya damu da ita. Har baban Kayla yakan tsokane shi, wai ta girmi kakansa.

Sai Baba ya cire katakon, ya sa mata baƙar roba da madubin hangen nesa. Yana cikin gogewa a gareji, ƙofa a buɗe, maman Kayla ta wuce a mota ta hango shi.

Washegari a bas Kayla ta ce, "Mamata ta ce kar in ƙara shiga gidanku."

Na ce, "Ai babanki ma yana da baƙa irinta."

Ta kalli taga. "Ta ce ba ɗaya ba ne." Tun ranar ba ta ƙara zama kusa da ni ba.

Jiya Baba ya ɗaga bindigar yana dariya. "Hadiza, kin ga tsohuwa ta koma amarya? Wai ina ƙawarki? Na ajiye mata kilishi."

Na ce karatu ya yi mata yawa. Na karɓi kilishin, na ɓoye a jaka.

Na yanke shawara ba zan gaya masa ba. Tun da aka sallame shi daga aiki ban ga ya yi dariya haka ba.

Ku da kuka girme ni, ana sabawa da zama kai kaɗai a bas?