Na Ce Ni Ne Rijiyar

Salama alaikum ƴan uwa. Wata tara ke nan ban ce uffan a nan ba. Masu tambaya ko ina raye, ina raye. Jinya na yi, kuma rabin wahalar ni na jawo wa kaina.

Waɗanda suka san ni sun san adabi nake koyarwa a kwaleji nan Tanut. Kullum ina ce wa ɗalibai kada su karɓi labari yadda ya zo, su leƙa ƙarƙashinsa. In kura ta fito a tatsuniya, ba kura ake nufi ba. Wannan halin ne ya so ya kai ni kabari.

Da tari abin ya fara, sai zazzaɓin yamma, sai rama har wando ya daina zama a ƙugu.

A likita, wato asibitinmu, aka gwada kakina, aka tura ni Damagaram hoton ƙirji. Da sakamako ya fito, majo, shugaban masu jinya, ya ja yayana Habu gefe suka yi ƙus-ƙus. Haka ake yi a wurinmu, babba ake fara gaya wa. Sannan suka ce mini tibi ne, wato tarin fuka, magani kyauta, wata shida. Na ce to. A raina kuwa na ce in tibi ne kawai, me ya kawo raɗa?

Daga ranar na zama ɗan sandan gidana. Matata Rakiya ta ware mini kofi da kwano, na lura. Ta cika fara'a, wannan ma na lura.

Limamin unguwa ya zo dubiya, ya kawo ƙissar Annabi Ayuba, alaihis salam. Ya daɗe kan haƙuri, amma bai kai wurin warkewa ba ya miƙe ya tafi. Na ce yauwa, da gangan ya yanke.

Sai Kawu Illa, ƙanin mahaifiyata, ya taso daga Belbeji. Ya zauna yana ba da labarin rijiyar ƙauyensu: bakinta ya rufta, ruwa ya ja baya, masu jan guga sun gaji, dattawa sun ce a bar ta a haƙa wata. Yana faɗa yana sunkuyar da kai.

Ni ne rijiyar, haka na fassara. Masu jan guga iyalina ne. Sabuwar rijiya kuwa, har mijin da Rakiya za ta aura na zaɓa mata a unguwa, na kuma daina amsa gaisuwarsa.

Tsoro ya kama ni ƙwarai, da haushi. Na yanke cewa ƙwayoyin nan na lallashin mai mutuwa ne. In Rakiya ta miƙo mini da safe sai in dunƙule a hannu, in zuba a tsohon gwangwanin shayi. Sati uku ina haka, tari ya dawo har da jini.

Ranar awo majo ya ɗora ni a sikeli, ya dube ni, ya tambayi launin fitsarina. Na ce lafiya lau yake, kamar na kowa.

Ya kira ni yadda ake kiran malaman boko a nan, ya ce, "Mushe, mai shan maganin nan fitsarinsa ja yake yi. Ina ƙwayoyin?"

Nan na fashe, na ce su gaya mini gaskiya, na ji saƙon rijiya.

Habu, da ya rako ni, ya riƙe baki. Ashe raɗar, ce masa aka yi ya kawo mutanen gidanmu a gwada su. Liman kiran salla ya ji. Kawu kuwa rijiya ce ta gaske, takarda ya zo in rubuta musu da Faransanci zuwa magajin gari, ya ga halin da nake ciki kunya ta hana shi roƙo.

Aka sake mini magani daga farko. Na sha, na warke, gwajin ƙarshe ya fito fes. Alhamdu lillahi.

Na gode wa Habu, da majo da bai raga mini ba, da ku masu addu'a.

Shawarata: tarin da ya wuce sati biyu a kai shi likita. Ka tambayi mai magani da bakinka, ka sa ya maimaita a gabanka. Kada ka tsallake ƙwaya ko ɗaya, don ba kai kaɗai kake shaƙar iskar ɗakin ba.

Gwajin Rakiya na farko ba a ga komai ba. Wata biyu bayan sati ukun nan nawa aka sake, aka samu. Yau watanta huɗu a kan magani, kuma har yanzu ba ta ce mini kai ne ba.

Ku sa ta a addu'a.