Waƙar da Tokiye ta yi wa ƙaninta

Ni da Tokiye Sawaguchi mun yi aiki ɗaki ɗaya a garin Kushiro, a wani ƙaramin gidan kiɗa mai aika waƙa ta waya zuwa shaguna, gidajen shayi da wuraren aski. Mai shago ya bugo tarho ya faɗi waƙar da yake so, mu kuma mu lalubo faifan mu ɗora. Ta girme ni, ita ce ma ta koya mini aikin. Doguwa ce marar yawan fara'a, kullum cikin rigar sanyi ruwan toka, ko da lokacin zafi ne.

Garinmu na masunta ne, kuma da zarar hazon teku ya rufe tashar jiragen ruwa, tarho ba ya hutawa. Kowa waƙar kaɗaici yake nema: macen da aka bari a tashar jirgin ƙasa, mutumin da ke shan giya shi kaɗai, ruwan sama a jikin taga. Tokiye takan ajiye kan tarho ta ce mini, "Mutanen nan, Ikuyo, ba sa ƙoshi da baƙin cikinsu sai an barbaɗa musu na wani."

Tana da ƙane, Katsuji, wanda ya bi jirgin kamun kifi a wani lokacin sanyi yana saurayi, jirgin bai dawo ba. Mahaifiyarsu ba ta daina zuba masa shinkafa a kwanonsa ba. Tokiye kuwa ba wanda ya taɓa ganin hawayenta. Waƙa ta yi masa. Ba ta taɓa rera ta a gida ba, don kada ta fama wa tsohuwa miki. Sai a wurin aiki, in tana wanke kofunan shayi, za ka ji ta ƙasa-ƙasa tana waƙar takalman roba na Katsuji da ke bakin ƙofa, waɗanda ba mai ƙarfin zuciyar kawar da su.

Ana haka wani Naruse ya fara zuwa. Mai yawo da jita ne, yana kiɗa a mashaya, da rana kuma ya zo yana roƙon mu sa wani faifansa da ba mai tambaya. Bakinsa kamar zuma. Wata rana ya tarar Tokiye tana rera waƙar, ya tsaya cak a bakin ƙofa.

"Yaya, wannan waƙar wa ce?"

"Ta gidanmu ce. Shige ka ba ni wuri."

"Haba Yaya, ko baiti ɗaya ki ƙara mini. Ni maraya ne a fagen waƙa, ki ji ƙaina."

"Maraya da wannan tumbin?"

Ya yi dariya, washegari ya dawo da wainar wake mai zaƙi. Haka ya riƙa yi har ta saki jiki. Na ga ta fara shafa jan-baki, abin da ban taɓa gani ba. Wata Lahadi da hantsi suka zauna a bakin kogi, ta rera masa waƙar tun daga farko har ƙarshe, yana bi da jita. Da kaka ta shigo ya tafi Tokyo, ya ce da ya sami ƙofa zai aiko ta zo ta rera da bakinta.

Bai aiko ba. Abin da ya zo, bayan shekara ta zagayo, kwalin sababbin faya-fayai ne. Ni na buɗe, na ɗora ɗaya don gwaji. Sai ga waƙar Tokiye ta cika ɗakin, da goge da fiyano, a bakin wata yarinya mai zaƙin murya. Takalman roba suna nan, ƙofar tana nan, amma ƙanen ya koma masoyi. A bayan faifan an rubuta Naruse ne ya tsara kiɗa da baitoci.

Tokiye ta saurara har allurar faifan ta kai ƙarshe. Ta ce, "Gogen ya yi yawa." Ta koma kujerarta.

Waƙar ta karɓu fiye da zato. Daga mai aski har mai sayar da taliya, kowa ita yake so, wani ma ya nemi a maimaita. Na ce ta bar mini tarhon duk lokacin da aka tambayi waƙar, ta ƙi. Da hannunta take zaro faifan, ta ce, "To, mun gode, ga ta nan tafe."

Sau ɗaya ta je Tokyo. Ta sami Naruse a zauren kamfanin da ya buga faifan, cikin kwat mai sheƙi. Ita ta ba ni labarin yadda suka yi.

"Ka mayar mini da ƙanena masoyi," in ji ta.

"Yaya, wa zai sayi waƙar ƙane? Gyara miki na yi. Da na bar ta, da tana can tana ruɓewa a wurin wanke kofuna."

Ya sa hannu a wani faifai ya miƙa mata, kamar yadda yake yi wa 'yan makaranta. Ta bar shi a kan kujerar jirgin ƙasa.

Abin da ya fi ci mata rai a gida ya same ta. Tsohuwa ta ji waƙar a rediyo, ta kamu da sonta, tana bi tana kuka tana gyara kifi. Wata rana ina gidan muna shan miya, ta nuna rediyon da sandunan cin abinci ta ce, "Kin ji, Toki? Wanda ya yi wannan ya san zafin rashi. Ba irinki ba, da ko ɗigon hawaye ba ki yi wa ƙaninki ba." Na buɗe baki, Tokiye ta take mini ƙafa a ƙarƙashin tebur. Har tsohuwar ta rasu ba ta san gaskiya ba.

Da injuna suka karɓe aikinmu, Tokiye ta koma masana'antar gyaran ƙwan kifi, ta tsufa a can. Ba ta yi aure ba, ban kuma sake jin ta rera komai ba. Yanzu tana gidan kula da tsofaffi a kan tudu. Ran Alhamis da la'asar akan tara su a falo su yi waƙa da lasifika, kuma ba a tashi ba a rera tata ba. Ita sai ta sa a tura kekenta na marasa lafiya zuwa baranda.

A can na same ta da na je kwanan baya. Ta nuna wata ma'aikaciya da haɓa ta ce, "Waccan yarinyar ce ta ce wai ban san daɗin waƙa ba." Sannan ta miƙo mini lemon da na kawo, ta ce in ɓare mata, yatsunta sun daina jin magana.