Sarkin da Muka Kasa Tuɓewa

A shekararmu ta ƙarshe a sakandare, a Gummi, aka kawo mana sabon malamin tarihi. Saurayi ne siriri, mai tsabta har ta yi yawa, irin mutanen nan da ke goge kujera da hankici kafin su zauna. A birni ya yi karatu, kuma ya zo da wata dabara da ya ce ita ake yayi yanzu: ba a haddace tarihi, shiga cikinsa ake yi. Mu da muka saba da malamin da zai cika allo da rubutu ya fita shan iska, sai muka ga banza ta faɗi.

Abin da ya zaɓa mana shi ne ƙarshen daular Rasha, lokacin da yaƙin duniya na farko ya ci ƙarfinta, talakawa suka tashi. Ya raba mu kashi-kashi. Ga sarki da fadawansa, ga manyan soja, ga 'yan majalisa, ga kuma manoma da ma'aikata masu neman juyin juya hali. Kowace Alhamis a darasin ƙarshe za mu ture bencina gefe mu zama mutanen ƙasar ƙanƙara, alhali zufa na bin bayanmu. Tsarin shi ne malam ya fita ya ja ƙofa, ya ƙwanƙwasa, sannan ya shigo a matsayin manzo ya faɗi labarin da ya iso fada. Daga nan kowa ya yi abin da muƙaminsa ya ɗora masa.

Ni aka ba shugabancin majalisa, saboda bakina ba ya hutawa. Malam ya ce aikina na ƙarshe shi ne in tsaya gaban sarki in ce masa ya sauka, kuma a nan wasan zai ƙare. Na ji daɗin wannan ƙwarai, har na fara gwada muryar da zan yi a hanyar gida.

Sarauta kuwa ba a yi gardama a kanta ba. Duk ajin ya waiwaya ya dubi mutum ɗaya, ɗan mai garin wani ƙauye a yankin Gwashi, wanda ke zaune wurin wani danginsu a cikin gari. Ba shi da surutu, ba ya sauri ko da an kaɗa ƙararrawa, kuma in ya saurare ka sai ka ji kamar ƙara ka kawo. Malam ya ce sarkin Rasha ba ya naɗa rawani. Muka ce to wannan zai naɗa, don sarki ba rawani ai ɗan kallo ne. Wani ɗan tela ya zo da ragowar farin alawayyo daga shagon babansa. Wasu suka ɓata fuska, don kowa ya san da wane yadi ake yi wa mamaci sutura. Muka haɗa tebura, muka ɗora kujerar malam a kai, ya hau.

Alhamis ta farko dariya ce kawai. Malam ya ƙwanƙwasa, ya shigo yana haki na ƙarya, ya ce hatsi ya yanke a babban birni, jiragen ƙasa sun daina kawowa, mata sun yi layi a ƙofar gidajen burodi sun koma hannu rabbana. Muka yi ta ihu, fadawa na cewa ƙarya ne, jagoran 'yan tawaye ya hau benci yana zuba jawabi. Shi wannan jagora ɗan makiyaya ne daga wajen Bukkuyum, dogo, mai zafin kai, wanda in ya fusata Fulatanci ke kutsowa cikin Hausarsa. Ya dace da aikin har ya wuce.

Ranar kasuwa da ta biyo baya, motocin ƙauye ba su shigo ba. Mutanen daji masu bindiga sun tare hanya. Inna ta dawo da kwanon awo a kife a kan buhu, ta ce 'yan rumfar hatsi zaune suke suna kallon juna. Wani a ajinmu ya ce ashe malam boka ne, muka yi dariya.

Alhamis ta gaba manzo ya ce sojoji sun gaji, suna barin fagen fama suna komawa gida. Ba a jima ba aka ɗauke jami'an da ke shingen hanyar Bukkuyum aka kai su wani wuri. Na bi ta nan a bayan babur. Buhunan yashi na nan a jere, ga buta a gefe, ga toka a murhu, ga wata singileti rataye a ƙaya tana motsi da iska. Mai babur ɗin ya daina hira, ya ƙara wuta. Wannan karon da aka faɗa a aji, ba kowa ne ya yi dariya ba.

Na san abin da mai hankali zai ce, kuma ni ma a lokacin na sani. A waɗannan shekaru, duk masifar da ka ambata a yankinmu, in ka jira kaɗan za ka gan ta, ba sai kai boka ba ne. Amma sani daban, abin da ke kama ka a ƙirji daban. Mu mun taso ne a gidajen da ba a ambaton mugun abu tsirara. In za ka ce gida ya kama da wuta, sai ka fara da "ba fata ba", ka rufe da "Allah ya kiyaye". Tsofaffi har tofi suke yi cikin riga. Sai ga mu muna tsayawa kowane mako muna faɗar yunwa da gudu da ƙone-ƙone da babbar murya, a gaban mutum mai rawani, ba tare da ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Muka roƙi malam ya riƙa sa "ba fata ba" a bakin manzo. Ya yi murmushi, ba da raini ba. Ya ce abin nan ya faru tun kafin a haifi kakanninmu, ya wuce, ta yaya za a yi fatan abin da ya riga ya auku? Gaskiya ya faɗa. Ranar manzo ya ce manoma sun bar gonaki, an cinna wa rumbunan manya wuta. Kafin wata Alhamis muka fara ganin mata da yara suna shigowa gari da tabarmi da tukwane a ka, ƙafafu sun yi furu-furu, suna tambayar ina makarantar firamare.

Bayan wannan ne sarki ya tare ni a bakin famfo, lokacin da kowa ya watse. Ya daɗe yana wanke hannun da ba shi da datti. Sannan ya gaya mini cewa mutanen daji sun aiko wa babansa ya tashi ya bar garin. Dattijon ya ƙi, domin ya san ranar da ya ɗaga ƙafa, ranar garin zai watse, don shi mutane ke kallo kafin su kwanta. Sarkin namu ya ce duk abin da aka yi a ajin nan ya gani a waje, saura abu ɗaya.

"In nis sabka nan, shi ma sabka za shi yi," in ji shi. "Kak ka ce min in sabka."

Ban yi masa tsiyar da na saba ba. Tsoro na ji, da tausayinsa, da kuma haushin cewa ni aka ɗora wa wannan kalma.

Ban gaya wa kowa ba, amma a makaranta magana ba ta kwana a wuri ɗaya. Alhamis da ta zo, manzo ya ce talakawa sun cika tituna, sun kewaye fada. Aka jira 'yan tawaye su taso. Jagoransu, wanda kullum sai an riƙe shi, ya miƙe a hankali ya ce shi da jama'arsa sun yi shawara, sun ga a ƙara wa sarki lokaci. Su ma an kore musu shanu a wannan damina, ya san yadda abin yake. Manyan sojan da ya kamata su juya baya suka sake yin mubaya'a. Wani manomi, wanda malam ya ce ya yi kukan yunwa, ya je ya ɗebo wa sarki ruwa a moɗa. Ni kuma na ɗage zaman majalisa saboda rashin lafiyar shugabanta.

Haka muka yi ta yi. Daula ta ruɓe, ba hatsi, ba soja, ba ko sisin biyayya a cikin labarin da manzo ke kawowa, amma ba mai taɓa kujerar. Sarki na zaune can sama, farin yadi ya rufe masa haɓa, idanu kawai ke waje, ajin ya yi tsit har kana jin kukan kurciya daga bishiyar dalbejiya. Ban taɓa zama a ɗakin da ya yi mini nauyi haka da rana tsaka ba. Malam ya yi lallashi, ya yi faɗa. A ƙarshe ya ce jarrabawa ta matso, Alhamis mai zuwa dole a gama, kuma ya nuna ni da alli.

Na gaya wa Inna. Na zaci za ta ce shirmen 'yan boko ne. Sai ta ajiye muciya ta ce in dai dole ne, in faɗa a hankali, in yi tofi a riga, in kuma ce ba da shi nake ba. Ta ƙara da cewa da ma tun farko ba ta so zancen alawayyon nan ba.

Ranar muka jera tebura kamar kullum. Sarki ya hau, aka naɗa masa. Ina tsaye a gaba. Malam ya rufe ƙofa don hayaniyar ajin kusa, ya tsaya yana tuna mana inda aka kwana kafin ya fita ya zama manzo. Yana cikin magana aka ƙwanƙwasa.

Duka muka dubi malam. Yana nan a cikinmu, alli a hannu. Shi ma ƙofar yake kallo.

Da aka buɗe, wani tsoho ne, rigarsa ta yage a kafaɗa, ƙaya ta kakkarce masa ƙwauri. Na gane shi, don yakan kawo wa abokinmu sarki gero da daddawa daga gida. Ɗan aiken babansa ne, shi ya goya shi yana ƙarami, kuma kullum da sunan wasa na yarinta yake kiransa a gabanmu, har muna yi masa dariya. Ya ɗaga kai ya ga yaron a can sama cikin farin rawani. Ya tsaya kamar an dasa shi. Sai ya tuɓe takalmansa a bakin ƙofa, abin da ba mai yi a ƙofar aji, ya shigo ya durƙusa a kan siminti, ya dunƙule hannu.

"Ranka shi daɗe," ya ce. "Allah shi jiƙan maza."

Wani daga baya ya fara dariya, ya zaci tsohon ya shiga wasan ne, sai dariyar ta yanke. Dattijo irin wannan ba ya durƙusa wa ɗan da ya goya muddin uban yana numfashi. Kowa ya gane.

Abokinmu bai yi kuka ba. Ya warware rawanin a hankali, ya ninke shi, ya ajiye a kan kujera. Ya sauko, ya ɗaga tsohon. A bakin ƙofa ya juyo ya dube mu, ya dube ni.

"Ku sheda, ban sabka ba," ya ce. "Hita niy yi."

Ba mu ƙarasa wasan ba. Malam ya rubuta ƙarshen labarin a allo, muka kwafa. Kujerar ta zauna a kan teburan har muka gama makaranta, da ninkakken yadin a kanta yana tara ƙura. Masu shara suna kewaye ta. Malam da kansa a tsaye ya ƙarasa zangon, bai taɓa neman a sauko masa da ita ba.

Shekaru sun shuɗe kafin na sake ganin abokin namu. Aiki ya kai ni Anka, na bi ta wani gini da ba a gama ba inda mutanen ƙauyuka ke zaune, an raba ɗakuna da buhuna da zannuwa. A inuwar bango na hango mutum a kan tabarma da rawani na gaske, wasu mata biyu na gabansa suna kawo ƙara kan layin ɗiban ruwa. Tun daga yadda yake saurare na gane shi. An naɗa shi mai gari, garin kuwa ciyawa ta cinye shi, ba mai kwana a can sai tsuntsaye. Jama'arsa ke nan a cikin wannan kango.

Muka gaisa, na yi masa gaisuwar da ta dace da shi, kuma ba da wasa ba. Ya tambayi mutane ɗaya bayan ɗaya. Da zan tashi ya riƙe mini hannu, ya rage murya, ya tambaye ni ko bayan tafiyarsa an ƙarasa. Na ce ba a ƙarasa ba. Ya ce kujerar fa, wani ya hau? Na ce har muka fita ba wanda ya taɓa ta.

Ya saki numfashi, fuskarsa ta washe kamar ta yaron da na sani a bakin famfo. Ya dubi mutanensa.

"To, za mu koma ke nan," ya ce.

Na ce Allah ya sa. Ban gaya masa cewa bayan mun gama an rufe makarantar na wani lokaci, an zuba masu gudun hijira a azuzuwan ba. Na leƙa ajinmu a wancan lokacin, na tarar da wata tsohuwa tana dama kunu a bakin ƙofa, ƙafar kujerar ce ke ci a murhunta.